Amsoshin Tambayoyinku: Ina da damar neman tafintan Hausa a ofisoshin birnin Niyok?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutuniyar Maraɗi ce, shekara biyu ke nan muna zaune da maigidana da yaranmu a unguwar Bronx da ke birnin Niyok na Amurka. Ba na jin Turanci, Faransancina kuma bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Kwanan baya na je wani ofishin gwamnatin birni kan maganar tallafin abinci, da suka ji daga Nijar nake sai suka haɗa ni da mai jin Faransanci ta waya, na yi ta cewa "to" alhali rabin maganar ta wuce ni. Tun daga ranar 'yata mai shekara 13 nake ɗaukowa daga makaranta ta yi mini tafinta. Shin ina iya neman mai jin Hausa, kuma nawa ake biya? Daga wata baiwar Allah, Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kina da wannan damar, kuma ko sisin kwabo ba za ki biya ba, domin ba alfarma ake yi miki ba, doka ce ta ɗora wa ofishin nauyin samo wanda zai fahimtar da ke.

A shekarar 2017 majalisar birnin Niyok ta zartar da Dokar Birni mai lamba 30, wadda ta wajabta wa hukumomin birni masu hulɗa da jama'a kai tsaye su tanadi tafinta ta waya a harsuna aƙalla 100, su kuma liƙa sanarwa cewa aikin kyauta ne. Sama da ita akwai sashe na shida na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wanda ya haramta wa duk hukumar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum. Wataƙila kin ji ana cewa a watan Maris na 2025 shugaban ƙasa ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya kuma soke wani umarni na shekarar 2000 da ya shafi taimakon harshe. Hakan ya faru, amma umarnin shugaban ƙasa bai shafe dokar birni ba.

Kuskuren da aka yi a kanki yana yawan faruwa ga 'yan Nijar: ma'aikaci ya dubi ƙasar da aka fito ya yanke harshe da kansa. Saboda haka kada ki fara da sunan ƙasarki, ki fara da sunan harshenki. Ki sa a rubuta miki a ƙaramar takarda, da Turanci, cewa Hausa kike ji kuma kina buƙatar tafinta, ki ajiye ta a jaka tare da katin shaidarki, ki miƙa ta da zarar kin isa gaban tebur. Idan aka sake haɗa ki da mai Faransanci, ki gaya masa da ɗan abin da kika iya cewa Hausa kike so, shi zai isar wa ma'aikacin. Mai yiwuwa a ɗan jira kafin a samu mai Hausa a layi, domin ba su kai masu Sifaniyanci ko Larabci yawa ba, don haka idan an ba ki ranar ganawa, gara a sanar da ofishin tun kafin ranar. Jiran rabin awa ya fi sa hannu a takardar da ba ki san abin da ta ƙunsa ba.

Akwai kuma abin da za ki kula da shi ko da an samu mai Hausar. Idan ɗan Nijeriya ne ko ɗan Gana, za ki ji wasu kalmominku sun sha bamban. Ke idan kin ce "likita" wataƙila asibitin kike nufi, shi kuwa mutumin da ke duba marasa lafiya zai fahimta. Lissafin kuɗi ya fi haɗari, tunda a gida an saba ƙirga dala ɗaya a matsayin sefa biyar, a nan kuwa dala dala ce, kuma a kan kuɗin haya da albashi ake yanke hukuncin tallafi. Duk adadin da kika faɗa, ki roƙi tafintan ya maimaita miki shi, ko ki rubuta lambar a nuna wa ma'aikacin. Ba rashin kunya ba ne ki ce a sake, aikinsa ke nan.

Maganar takardu daban take da maganar baki. Dokar ta 2017 ta ware harsuna goma da za a riƙa fassara takardun da aka fi rabawa a cikinsu, ciki har da Faransanci da Larabci, amma babu Hausa. Ke nan wasiƙar da za ta zo gidanki ba za ta zo da Hausa ba. Abin yi shi ne ki kai ta ofishin da ya aiko ta, ki nemi a karanta miki ita ta bakin tafinta, kuma kada ki bar ta ta kwana biyu a ƙarƙashin matashi, domin irin waɗannan wasiƙu kan zo da wa'adi, wanda idan ya wuce ana iya dakatar da tallafin.

Batun 'yarki shi ya fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙonki da ki sauke mata wannan kaya. Yarinya mai shekara 13 za ta iya jin Turancin aji da na wasa, amma ba ta san kalmomin doka da na magani ba, kuma kunya za ta sa ta tsallake abin da ya yi mata nauyin faɗa a gaban mahaifiyarta. Ki duba yadda za ta ji idan ita ce za ta gaya miki bashin haya ya taru, ko ta fassara tambayar likita a kan abin da ya shafi mata, ga darasin da take rasawa duk ranar da aka ɗauko ta. Ƙa'idar asibitocin jihar Niyok ma ta hana a yi amfani da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a matsayin tafinta sai cikin gaggawa. Makarantar gwamnatin da take zuwa ita ma wajibi ne ta samo miki tafinta a taron iyaye da malamai, haka kotunan jihar.

Idan wani ma'aikaci ya hana ki, ko ya ce ki je ki zo da wanda zai fassara miki, ki riƙe ranar da lokacin da sunan ofishin, sannan ki kira 311, layin birni da ke aiki dare da rana. Da an ɗauka ki ce "Hausa", ki dakata a haɗa ki da tafinta, ki shigar da ƙorafinki, ki kuma karɓi lambar da za a ba ki domin bin sawun maganar.