Amsa kan ƙafar ɗora sifika a falo

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Yallaɓai, na ji saƙonka, ka ce ka sayo ƙananan sifiku guda biyu ka jera su kan teburin talabijin, sautin kuma bai yi maka ba, kana tambaya ko ka sayi irin ƙafar nan mai ƙafa uku da ake sayarwa a kasuwa. To, ka yi haƙuri, rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Wannan mai ƙafa ukun dai ka bar ta. Ta masu DJ ce da masu wa'azi a fili. Sifikarsu tana da rami a gindi, milimita 35, wanda ake zura sandar a ciki. Taka ba ta da wannan ramin, kuma ko ka yi mata dabara, tsayinta ya wuce na falo, ga cin wuri.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemo tef ɗin awo. Ka zauna inda ka saba zama, wani ya auna daga ƙasa zuwa kunnenka. A kan kushin yawanci santimita 90 zuwa 100 ne. Sai ka duba sifikar, akwai ɗan ƙaramin zagayen nan na sama, twita, shi ke fitar da siririn sauti. Shi ake so ya yi saiti da kunne, domin siririn sauti miƙewa yake yi, in ya bi ta saman kanka ko ya nufi gwiwarka, ka yi asararsa. Misali kunnenka 95, daga gindin sifika zuwa twita 28, ka cire, saura 67. Santimita 67 kuwa kusan inci 26 ne, ka ga ƙafa mai inci 26 ta yi maka ke nan. Galibin na kanti tsakanin inci 24 ne da 28.

Amma fa ka lura, masu ƙera su da mai zaman kujera suka yi lissafi. Mu kuwa da yawanmu kujerun na baƙi ne, a kafet muke baje kolinmu da filo. In haka kake, inci 28 ta yi maka tsawo nesa ba kusa ba, sai ka auna a zaune a ƙasan. Wannan ne ma ya sa ni na fi son a kai wa mai walda ya ƙera ƙafar.

Ka ce masa ya sa fayif mai kauri, farantin ƙasa ya fi na sama faɗi da nauyi sosai, na saman kuma kada ya wuce gindin sifikar. Ya bar ƙofa a saman fayif ɗin ka ɗura yashi. Ƙwanƙwasa fayif da babu komai ciki, za ka ji ƙararrawa yake yi, to haka yake amsa kuwwa in bes, wato sautin nan mai kauri, ya buga. Yashi ke kashe wannan. Sai dai ka shanya shi ya bushe ƙarau tukun, ɗanye tsatsa zai jawo maka daga ciki. Teburin talabijin ɗinka ma ciwonsa ke nan, katakon yana rawa tare da sifikar, shi ya sa kake jin sautin a cukurkuɗe.

Ƙasan falon, in tayil ne ka sa roba a gindi. In kafet ne mai laushi, ƙusoshin nan masu tsini sun fi, suna huda shi su dafe ƙasa.

Yauwa, na kusa mantawa, yara. Sifika mai kilo 5 ko 6 a kan sanda, yaro mai rarrafe ya ja waya, Allah ya kiyaye. Ka liƙa ɗan Blu Tack, wato abin manne nan mai danƙo kamar cingam, a kusurwa huɗu tsakanin sifika da faranti, in tana da ramin noti ka ɗaure ta kawai. Wayar kuma a bi da ita jikin sandar a ɗaure.

Wurin ajiyewa, nisan da ke tsakanin sifikun ya yi daidai da nisan kowacce zuwa inda kake zama, ka ɗan karkato su su fuskance ka. In ramin iska a bayanta yake, kada ka manna ta da bango, ka ba ta kamar santimita 30 ko fi, in ba haka ba bes ɗin zai yi ta gurnani.

Ka turo min hoton bayanta da awon nan biyu, sai in faɗa maka tsayin da za ka ba mai waldar. Na gode.