Takin ne ya ƙone miki tumatir, ba hunturu ba

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kin dasa tumatir a buhu, kin zuba takin da kika saya, ko sati ba a yi ba bakin ganyen ya ƙone duk suka langaɓe, kina tambaya ko sanyin nan ne. Wlh ba sanyi ba ne, ai tumatir hunturu ne lokacinsa, masu noman rani na Kura da Kadawa yanzu suke yin nasu. Zafin bazara ne ma yake zubar masa da fure. Takin naki ne ɗanye.

Ni abin da ya same ni ya fi naki ciwo. Farkon damina ne, ina da ɗan irin kuɓewa da Inna ta ƙulle min a tsumma kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta, irin garinmu mai yauƙi, shi ke nan ya rage min. Sai wani mai amalanke ya shigo layinmu da taki, ya rantse min da Allah wai ya shekara a jibge. Na ji warin yana hawa kai kamar fitsari, na yi magana, ya ce Hajiya ai ƙarfinsa ke nan. Na karɓi buhu shida ban ko nemi ragi ba. Ashe kashin kaji ne sabo fil ya cuɗa da ƙasar bola, har da leda da fasassun kwalba da tsohon batir a ciki. Kuɓewata ta yi ganye huɗu gwanin sha'awa, na zuba mata a gindi da hannuna. Kwana uku na fito bayan asuba na tarar sun kwanta, na ɗauka ƙishi ne na yi ta kwara ruwa, da na tuge ɗaya sai na ga saiwar ta yi baƙi kamar an babbaka. Nan na zauna bakin rijiya na yi kuka, yara suna ta tambayata ko mutuwa aka yi. Kuma da mutumin ya sake biyowa na tare shi, ko kunya babu ya ce wai ni ce ba ni da hannun shuka. Wannan maganar har yau tana cina, na bar shi da Allah.

Yanzu dai ki kwashe na saman buhun nan tun da wuri, ki ba su ruwa sosai ya riƙa fita ta ƙasa, in buhun ba huda ki huda shi. Wanda tsakiyarsa ke kore zai iya farfaɗowa. Sauran takin kar ki zubar, kuɗinki ne, ki jibge shi a inuwa ki haɗa da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa, ki yayyafa ruwa ki rufe da tsohon buhu, duk sati 2 ki juya. Na kaji ni ba na taɓa shi sai ya yi wata 4 ko fiye. Kuma da iskar nan in kika bar shi ya bushe ba zai ruɓe ba ko ya shekara, haka zai zauna. Da damina kuma akasin haka ne, markar Agusta jiƙa shi take ya yi ta ɗoyi, sai kin ɗora masa tsohon kwano. Kar ki zuba toka a kan ɗanyen kashin kaji don Allah, ƙarfin ne yake bin iska.

Au, ki kula da ƙadangaru ma, ni sun fi akuyar maƙota yi min ɓarna, tsohon gidan sauro nake kifa wa dashe. Ruwan wanki mai Omo shi ma ki daina in kina zubawa.

In takin ya nuna za ki sani, zai yi baƙi ya yi laushi, ki cusa hannu ba ɗumi, ƙamshinsa kamar ƙasa ranar ruwan fari. Ni tun abin nan ba na yarda da rantsuwar kowa, gwangwanin madara nake cikawa in saka ƙwayar wake biyar, in suka tsiro cikin sati da ganye lafiyayye sannan ya shiga lambuna, shi ma kashi 1 na taki kashi 3 na ƙasa. Ki turo mana hoton takin da na saiwar guda ɗaya mu gani, kuma in kina nan Kano ina da ragowar dashen tumatir a leda, ki aiko yaro ya karɓa kafin su yi tsayi.