Likita, da na riƙe makirfo sai waƙa ta ɓace mini

Tambaya: Likita, ni mawaƙi ne. A sitidiyo muryata lafiya lau, amma da na riƙe makirfo a wurin biki sai gabana ya hau dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, baitin da na haddace ya ɓace. Abokina ya ba ni tiramol, sau 2 na sha kafin in hau, kuma na ji sauƙi. In ci gaba?

Amsa: Ƙanena, kada ka ƙara. Abin da ke samun ka fargabar tsayawa gaban jama'a ce. Jikinka ya ɗauki taron a matsayin haɗari, sai ya saki sinadarin adiranalin. Ba sammu ba ne, kuma yana warkewa.

Maganar ƙwayar ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai na ji ta. Tiramol maganin ciwo ne, dangin kodin ɗin da gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tarinsa a 2018. Ba ya koya wa zuciya komai. Duk ranar da ka sha kuma waƙa ta yi kyau, ƙwaƙwalwarka za ta ce ƙwayar ce ta yi, ba kai ba. Nan gaba ɗaya ba za ta isa ba. Na ga matasan da suka fara haka, aka kawo mana su suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, sun tauni harshensu. Mai kemis ɗin da ya miƙo ta ba takardar likita, ba shi zai yi jinyarka ba. Ko furofanolol da makaɗan Turai ke sha don rage rawar hannu, sai likita ya duba, domin yana tayar da asma.

Abin da muke yi shi ne CBT, hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Za ka rubuta abin da ke zuwa maka a rai, kamar "idan na yi tuntuɓe na gama yawo", mu tambaye shi hujja. Sau nawa 'yan biki suka ma lura? Sannan ka rera gaban mutum 2, sai 10, sai ƙaramin taro, ba ƙwaya, ka tsaya har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Kafin ka hau, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali.

Idan ka wuce sau 2 ɗin da ka faɗa, kada ka yanke shan tiramol ɗin kai kaɗai. Je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ka faɗi ainihin adadin da kake sha.