Amsa: Masu baza kaya a bakin gareji talakawa ne?

'Yar'uwa, kin ce kin ga maƙwabtanki a Amurka sun baza tsofaffin kaya a ƙofar gida ranar Asabar, kina tambaya ko talauci ne, kuma kina jin kunyar 'yan cocinku su gan ki kina ciniki.

Ba talauci ba ne. Yawanci kaya ne suka yi musu yawa, ko za su tashi daga gidan, sai su sayar da araha, kofi dala 1, kujera dala 10. Har akwai gwanjon da ake yi duk watan Agusta daga jihar Michigan zuwa Alabama, yawancinsa a kan babbar hanya ta 127, tun 1987. Masu hali ma suna tururuwa.

Batun kunyar kuwa, karanta wasiƙar Yakubu sura 2 a Littafi Mai Tsarki. Ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, su bar mai tsumma a tsaye. Annabi Sama'ila ma da ya ga tsayin Eliyab, wan Dauda, ya zaci shi ne Allah ya zaɓa sarki, ashe Dauda ne, autansu da ke kiwo.

Ki je da sassafe, da canji a hannu, kafin a kwashe masu kyau.