Oga, in an taɓa kwamfutar inji garanti ya tashi ke nan?

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni wai in mai sabuwar mota ya sa an canza mata kaya ko an ƙara wa inji ƙarfi, garantin kamfani ya tashi gaba ɗaya? To yarona ba haka abin yake ba, garanti alkawari ne kamfani ya yi cewa in abu ya lalace saboda kuskuren ƙira shi zai gyara, amma bai ɗauki nauyin ɓarnar da hannun wani ya jawo ba. Mutum ya sa manyan rim da taya, bayan wata biyu rediyo ya mutu, ina ruwan rediyo da taya? Dole su gyara. Amma in shokazoba ce ta fara zubar da mai ko boris ya fara kuka, nan suna da bakin magana, don manyan tayoyin na iya jawo haka. A Amurka ma akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, ba a soke wa mutum garanti don kawai ya sa kayan da ba na kamfani ba, sai in kayan ne suka jawo matsalar.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne kwamfutar inji, wato na'urar da ke sarrafa yadda inji ke aiki. In ka sake mata lissafi turbo na tura iska fiye da yadda aka tsara, mai na ƙaruwa, zafi na ƙaruwa, kuma fistin da kuloci da giyabos duk su ne ke ɗaukar wahalar, to ranar da inji ya buga wallahi da wuya dila ya saurari mai motar, kuma nan ne fa gyara mafi tsada a jikin mota. Kar wani ya ruɗe ka da cewa ai sai a mayar da ita yadda take kafin a kai motar wurin dila, motoci da yawa suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta kwamfutar, Volkswagen da Audi har lamba suke liƙa wa irin wannan motar, TD1, da zarar an jona na'urarsu.

Ni dai kafin in jona waya a kwamfutar sai na zaunar da mai mota na tambaye shi saura nawa garantinsa ya ƙare, in da saura in ce Alhaji ka yi haƙuri tukuna. In ya nace, ya sa hannu a takarda, kayan da muka cire kuma ka ɗaure masa su a kwali ka sa a but tare da rasit.