Tambaya da Amsa: Malamai za su hau dandamali don tara wa marayu kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata sakandare a Zariya. Muna son shirya wasa inda malamai da kansu za su yi waƙa da wasan kwaikwayo, a biya wa ɗalibanmu marayu kuɗin jarrabawar WAEC da abin da aka samu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da izini a rubuce daga shugaban makaranta, in ta gwamnati ce kuma a sanar da ofishin ilimi na shiyya. Sai ku jawo ƙungiyar iyaye da malamai tun ranar farko, domin su ne masu sayen tikitin. Mako shida ya isa shiri.

Inda aka fi yin asara shi ne lissafi. A ce kuna da kujera 300, tikiti naira 500, kuɗin ƙofa ke nan naira 150,000, in an cika. Hayar rumfa da kujeru da lasifika da man janareta na iya lashe rabinsu kafin a buɗe taro da addu'a. Don haka ku sa doka: abin da za a kashe kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake sa ran samu. A yi a zauren makaranta da kujerun aji, lasifika kuma a nemi aro wurin iyaye. Lemo da abincin manyan baƙi a manta da su, ba walima ba ce.

Kuɗin gaske a ƙuri'a suke. Kowane malamin da zai fito a yi masa akwati mai kwaɗo, da sunansa a jiki, a ajiye a gaban dandamali. Wanda akwatinsa ya fi tara kuɗi shi ya ci gasar. Yaran da suka shekara suna shan muzurai wurin malamin lissafi za su zuba kuɗin tararsu na mako don su ga ya sa gemun auduga yana tashe, tsoffin ɗalibai kuwa sai sun fi su zubawa.

Fitowa 12, kowace minti 5, da minti 2 na sauyi tsakani, ta kai kusan awa ɗaya da rabi. A fara ƙarfe 10 na safiyar Asabar, a tashi kafin azahar. Jawabi biyu kawai, gajeru. A gwada komai ranar jajibiri a zauren da za a yi, da janaretan a kunne, kuma a ajiye shi nesa da taga. Mai riƙe da makirufo ya tsaya bayan lasifika. In ya shiga gabanta ne take yin ƙarar nan mai huda kunne. A tanadi batura na ko-ta-kwana.

Tambaya: Za a iya barin mutane su yi wa malamai liƙi? Daga wani shugaban makaranta a Gusau.

Amsa: A'a, Malam. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙa naira a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ban da haka, kuɗin da suka zube ƙasa cikin yara ba sa komawa cif.

A buɗe akwatuna nan take a gaban mutum uku, wakilin iyaye da na malamai da na ɗalibai, a rubuta, su sa hannu, a faɗi jimillar kafin jama'a su watse. Masu turo kuɗi ta waya su tura asusun ƙungiyar iyaye, kada a yi amfani da na wani malami komai amanarsa. Tikiti ya zama mai lamba da rabin da ake yagewa a ajiye. In an biya kuɗin jarrabawar, a manna rasit a allon sanarwa, a rufe sunayen yaran. Kuma kada a fito da marayun dandamali a nuna su.

Tambaya: Anya wannan ba zubar da girman malami ba ne a idon ɗalibai?

Amsa: Ya danganta da abin da aka fito da shi. Kacici-kacici, gasar karin magana, waƙar baka, tatsuniya, ko wasan da malamai ke kwaikwayon kansu a ɗakin malamai, duk ba laifi. Abin da ke jawo rigima shi ne kwaikwayon wani ɗalibi da aka sani, ko zolayar ƙabila ko naƙasa, ko rawar da iyayen garin ba za su lamunta ba. Kwamiti ya kalli kowace fitowa mako guda kafin ranar. Kada a tilasta wa kowa. Malamin da bai so, a ba shi tsaron ƙofa ko kula da lokaci. A kuma yanke tun wuri ko za a bar ɗaukar bidiyo da waya, don abin da ya ba da dariya a zaure yakan sauya kama in an yanko sakan 20 an ɗora a TikTok.