An ba ni hedimasta amma malamai sai "to, to" kawai suke ce min

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Wata uku kenan da aka ba ni hedimasta a wata firamare ta wajen Gwale, na tarar da yawa daga yaran aji biyar ko Hausa ba sa iya karantawa. Na kira mitin na ce za mu canza salon koyarwa, kowa ya ce to, amma har yau shiru. Wasunsu ma sun girme ni. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, Allah ya taya riƙo. Gaskiya "mu canza salo" ɗin nan ya yi faɗi da yawa, malamin da ke fama da aji cike maƙil tun 2019 da aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano, ga ba benci ga alli wani lokacin da kuɗinsa yake saya, in ka ce masa canji abin da yake ji shi ne ƙarin wahala kawai. Don haka ɗauki abu ɗaya tak, karatu.

Kafin ka sake kiran wani mitin, ka sa malaman da kansu su gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, ba kai ba. Takarda guda ta isa, haruffa a sama, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari, a ga inda kowane yaro ya tsaya. Wallahi malamin da ya shekara yana rubutu a allo yara na kwafa tsaf-tsaf, ranar da ya ga da idonsa cewa yaron nan mai kyan rubutu bai bambance "b" da "d" ba, jikinsa sanyi yake yi, kuma daga nan ba sai ka yi dogon wa'azi ba.

Sai a raba yaran gwargwadon inda suka tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba, a ware musu awa ɗaya kullum, in son samu ne da safe bayan asambuli kafin rana ta yi zafi. Wannan ba sabon abu ba ne a jihar nan, shi ne tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakin da yake, da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, kuma an gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA na bunƙasa karatu da lissafi a Kano, tare da SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da Kwalejin Sa'adatu Rimi, da Hausa aka fara kafin Turanci. Ni a ganina wannan ne daidai, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake magana da shi a gida ba ya shan wuya sosai in aka zo Turanci.

Maganar waɗanda suka girme ka kuwa, kar ka yi musu gyara a gaban mutane ko kusa. Bi dattijon cikinsu har inda yake zama, ka ce baba shawara nake nema, ka ba shi rukunin masu haruffa don su ne ke buƙatar haƙuri. Kai ma ka riƙe rukuni ɗaya, su gan ka da alli a hannu.

Ka sanar da ES, wato sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a rubuce kafin ka taɓa jadawali, kuma ka zauna da 'yan SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa masu kula da makaranta, saboda yaran da talla ke sa su makara. Bayan sati shida a sake gwajin da irin takardar nan, a liƙa sakamakon farko da na biyu a ofishin malamai, da sunan malamin kowane rukuni a kai.